Gargaɗin da Ya Kwana a Kasuwar da Ba Kowa

Mai girma shugaban wannan taro, magajin garin Cadawa, iyayenmu hakimai, malamanmu, manoma da makiyaya, mata da matasa da kuka taso daga Gazawa, Gidan Sori da Sae Sabuwa, assalamu alaikum. Ni ne Harouna Iro na ƙungiyar manoma, kuma ina godiya da kuka bar aiki kuka zo.

Kun san ɗiyarmu Rufaida da abokan karatunta sun ƙera mana dandalin zumunta na salula, namu na gida, mai suna Kiran Gida. Bana, da tsutsa ta faɗa wa kan gero, Rufaida ce ta fara samun labari, ta saka gargaɗi a ciki da muryarta. Gargaɗin ya kwana, ya wuni, ya sake kwana, ba wanda ya buɗe. A lokacin nan duk muna can manyan dandalin waje muna kallon raye-rayen mutanen da ba su san sunan garinmu ba. Sai da gonakin Gidan Sori suka yi fari fat muka farga.

Abin da ya fi girgiza ni, na tarar ko mahaifiyarta, Inna Shatu, ba ta ciki. Na tambaye ta dalili, ta ce: "Malam, wa zan gaisar a can? Ɗana Bilyaminu yana Agadas, ba ya ciki. Rumfa ce mai kyau, amma ba kowa."

Wannan ita ce magana ta farko: ba rumfa ke yin kasuwa ba, mutane ne. Manyan nan ba wayo suka fi yaranmu ba, jama'a suka tara, kuma sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Sabon dandali ba mutum ɗaya-ɗaya yake buƙata ba, gida guda yake so, har da na ci-rani.

Ta biyu, ku matasa, kada ku yi kokawa da giwa a fili. Ku yi abin da ba ta iyawa. Ya zama da murya, don wanda bai je lakol ya koyi karatu ba. Ya buɗe ko rezo, wato layin sadarwa, ya yi rauni. Kada ya cinye kredin talaka. In an ce tsutsa ta shigo, mu ji muryar wanda muka sani, muka yarda da shi.

Jiya Rufaida ta ce mini za ta rufe shi. Na roƙe ta ta dakata sai na yi magana da ku. Ga ta nan zaune, amsarku take jira.

Allah Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri, Ya yi wa yaranmu albarka, Ya maida kowa gidansa lafiya.

Na gode.