Ranar da Kaka Ta Hana a Kai 'Yata Juji

Iyayena da 'yan'uwana, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Salamarsa ta zauna tare da ku. Ni ce Talatu, matar Bitrus, daga wajen Yalwan Damai. Katikis, malamin cocinmu, ya ce in taƙaita. To, sai ya yi haƙuri, don maganar kakata zan yi, ita kuwa ba ta taɓa taƙaita komai ba, ko addu'a ko faɗa.

Wasunku sun san ta. Gajeriyar tsohuwar nan mai daddawa, daga wani ƙauye kusa da Sara, a ƙasar Gwaram. An haife ta tun kafin Turawa su shigo ƙasar nan. Babu wanda ya san shekarunta, har ita kanta. In an tambaye ta sai ta ce, "Ku tambayi kukar ƙofar gidanmu, tare muka girma."

A gidan Maguzawa ta tashi, sai da furfura ta fito mata sannan ta karɓi baftisma. Amma da ta kama, ta kama ke nan! Tun ana taruwa a gindin tsamiya, kafin a gina ɗakin sujada, duk ranar da aka ce Fada, limaminmu, zai zo, da ƙafa take tafiya, carbinta a wuya. Mukan tsokane ta mu ce ƙamshin daddawa yana riga ta isa. Ta binne mijinta, ta binne mahaifiyata, ita ta raine ni. Duk zamana da ita ban taɓa ganin kanta babu ɗankwali ba, ɗaure tamau har ya rufe kunnuwa. Ko kitso za a yi mata, sai ta shige ɗaki ta saki asabari. Na ɗauka kunya ce irin ta mutanen da.

Na yi aure, na haihu sau uku. Ko ɗaya bai kai yaye ba. Sai yaro ya fara zama, ya fara gane ni yana dariya, sai zazzaɓi ya zo ya ɗauke shi. Wayyo, 'yan'uwa! Wadda ba ta taɓa naɗe zanen goyo ta ajiye ba, ba za ta gane ba. Zuciyata ta bushe. Ina zuwa coci, bakina yana motsi, amma babu abin da nake faɗa wa Allah. Fushi nake yi da shi, in gaya muku gaskiya.

Da na haifi ta huɗu, mace, ko kallon fuskarta ba na son yi don tsoro.

Gwaggon mijina, Gwaggo Lami, ta zaunar da ni ta ce wabi ne, ɗa ɗaya ne ke zuwa yana komawa. Ta ce maganinsa sananne ne tun kakanni. Ranar suna da safe a sa jaririya cikin sakaina, a kai ta juji a ajiye kamar shara, wata ta je ta ce ta tsinta. Wanzami ya ɗan tsaga kunnenta, a sa mata suna Ajuji. Wai in mutuwa ta ga ba mai son ta, sai ta wuce. Gwaggo Lami ba mugunta ta nufa ba, ita ma ta yi kuka a kan 'ya'yana. Bitrus bai hana ba. Ni kuwa na ce to.

Safiyar ta zo. Wanzami yana zaune a zaure, jaririya tana cikin sakaina a hannuna, mun doshi ƙofa, sai ga Kaka. A bayan a-kori-kura ta zo daga Gwaram, bisa buhunan hatsi, da ƙullin daddawar suna a ka.

Ta dube ni ta ce, "Ƙawata, ina za ki kai mini baƙuwa a cikin sakaina?"

Gwaggo Lami ta durƙusa ta ce, "Iya, ki yi haƙuri. Uku sun tafi. Juji za mu kai ta, yanzu a dawo da ita."

Ni kuma baƙin ciki ya kwance mini baki, na ce, "Kaka, ki ƙyale ni. 'Ya'ya nawa addu'arki ta riƙe mini?"

Kaka ta matso kusa da mu. Ta sauke ƙullinta, ta kai hannu ta kwance ɗankwali a gaban kowa. Kunnenta na hagu a tsage yake.

Ta ce, "Ajuji sunana. Da shi aka kira ni har na yi jikoki."

Gwaggo Lami ta ce, "To ai ga shi kin rayu, Iya!"

"Na rayu, Lami. Allah ne ya raya ni. Amma uwata ba ta taɓa rungume ni a gaban mutane ba, kada mutuwa ta gane tana so na. Har ta koma ga Allah ban ji daga bakinta ba. Ranar da Fada ya zuba mini ruwa ya ce Sisiliya, ranar na fara jin an ba ni suna don ana so na. Wannan yarinya ba za ta fara duniya da ƙarya ba."

Ta ɗauke jaririyar daga sakaina, ta durƙusa da tsofaffin gwiwoyinta nan tsakar gida, ta ɗaga ta. Ta ce, "Ya Yesu, wannan muna son ta. A fili muke faɗa, kowa ya ji. In ka bar mana ita, mun gode. In kwana kaɗan ka ba ta, za ta yi su a hannun masu son ta. Uwa Maryamu, ke ma kin san zafin ɗa, ki taya mu roƙo."

Ban san lokacin da na zube kusa da ita ba. Kukan da na riƙe tun ɗana na fari ya ɓalle. Na ce, "Ubangiji, ina son ta! Ina son ta!" Ita ce addu'ata ta farko bayan shekaru. Ranar na dubi fuskar 'yata sosai, ranar tsoron nan ya sake ni. Wanzamin ma, maƙwabcinmu ne Musulmi, ya ce, "Iya ta yi gaskiya, rai na Allah ne." Aski kawai ya yi wa jaririyar.

Aka yi mata baftisma a Birnin Kudu, muka sa mata Sisiliya. Amma kun san halinmu. Wa zai buɗe baki ya kira sunan kakarsa? Sai muka riƙa ce mata Iya Ƙarama. Kaka ta taɓa ce mini, tana dariya, "Sunan nan nawa, Fada kaɗai ke kira na da shi, shi ma sai ya zo. Ku riƙa kiran yarinyar da shi mana, in ji." Na rufe fuska na ce, "Haba Kaka, da bakin wa?"

Da lokacin girbi ya yi, ana cikin yankan dawa, aka aiko mana Kaka ta rasu. Yarinyar ba ta kai yaye ba tukuna. Kaka ba ta ga ta fara tafiya ba, ba ta ga amsar addu'arta ba. A wurin jana'iza na ji tsofaffin ƙauyen suna cewa Ajuji ta tafi. Abin ya soke ni. Matar nan ta jira sunanta har tsufa, ta roƙe ni abu ɗaya, kunya ta hana ni. Mun girmama ta, mun yi mata biyayya, amma abin da take so ta ji ba mu bari ta ji ba. Har yau in na tuna, sai hawaye.

Tun daga ranar na daina cewa Iya Ƙarama, da sunanta nake kiran 'yata. Duk wanda ya ga rashin kunya ne, ya gani.

Sisiliya! Tashi su gan ki. Sisiliya, zame ɗankwalin kaɗan. Kun ga kunnuwanta, lafiya lau. Wancan da ke bayanta kuwa ɗanta ne, an kusa yaye shi.

Na gode wa Yesu da ya cire ni daga tsoro, ya bar mini 'yata, ya ba mu Kaka tsawon rai har ta iso ƙofar nan a safiyar da ta dace. 'Yan'uwa, ku dogara gare shi, kada tsoro ya sa ku ɓoye ƙaunarku. Ku taya ni roƙo Allah ya ba baiwarsa, kakata Sisiliya, hutawa ta har abada. Amin.