Harsashi Ɗaya a Bokiti

A rumfar harsasai ta filin harbin garin Danao na ji su, wani mutum da yarinyar da ke tsaron rumfar.

"Ƙirgo min hamsin daga bokitin can, Inday."

"Ba zan sayar ba, Manong. Mai ɗura su ya tsaya amsa waya, ya zuba wa ɗaya albarushi sau biyu. Yana ciki, ba a san wanne ba. Ranar da ya tashi, da yatsun mutum zai tafi."

Mutumin ya daɗe yana kallon hannunsa.

"Jiya mai rumfar nan ya sayar min da hamsin daga bokitin. Saura ɗaya a bindigata."

"Cire shi. Ni na ƙi sayarwa, shi ya sa daga yau ba ni da aiki."