Ɗan kwangilar da ya rushe bangonsa

Assalamu alaikum mai gabatarwa, Allah ya ƙara basira. Ni ne Malam Sani, tsohon ma'aikacin masaƙa a Sharada.

Lokacin naira tana sabuwa aka gina masaƙarmu. Wani Alhaji ɗan kwangila aka danƙa wa komai, shi ya zana, shi ya gina, har da ɗan masallacinmu. Bayan ya miƙa makullai, wata rana ya biyo mu sallar azahar, sai ya ga mun shimfiɗa tabarmi a karkace. Muka ce masa ai bangon bai dubi alƙibla ba.

Bai nemi wanda zai ɗora wa laifi ba. Ya ce, "Zanena ne, ginina ne. Ba za ku yi ta karkacewa saboda ni ba." Washegari ya zo da magina, ya rushe bangon, ya sake shi daga aljihunsa.

Yau masallacin unguwarmu a Na'ibawa yoyo yake. Mai zane ya ce magini ne, magini ya ce mai zane ne, mu kuwa muna sujada cikin ruwa. Jama'a, wa za mu kama? Alhajin nan ya rasu, Allah ya jiƙansa, amma bangonsa yana nan tsaye.