An Hana Buba Kofi Saboda Takalmi

Salamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Sani, tela ne ni a Gada Biyu.

Ranar Asabar da safe na ga abin da ya tsaya mini a rai. 'Yan kwamitin unguwarmu sun shirya tseren gudu zuwa Laranto, suka yi shela kowace ƙabila ta fito. Wani makiyayi, Buba, ya zo daga ruga, ya ajiye sandarsa, ya shiga ba takalmi. Wallahi kafin na biyu ya iso har ya sha ruwa ya huta!

Sai mai rubuta sunaye ya dubi ƙafarsa ya ce, "Oga ya ce ba kambas, ba kofi."

Buba ya ce, "Malam, da takalmin kuke tsere ko da mutum?"

Haka aka miƙa wa Dung kofin, shi ne na biyu. Buba ya ce shi da 'yan uwansa sun daina zuwa ke nan.

Jama'a, yaya za mu yi ya dawo?

Ba ni kaɗai na gani ba. Mama Ngozi mai ƙosai tana wurin, da Tanko direba, da Dung ɗin kansa, wanda ya bar kofin a kan tebur ya tafi gida.