Kyandir ɗin Motel Dravitzer

Yau Lahadi, 9 ga Maris 2025, ƙarfe goma sha ɗaya na safe, a makabartar Springvale, bayan an yaye ƙyallen da ya rufe dutsen kabarin Kalman Dravitzer.

Rabbi Feldheim, dattawan majami'armu, Kaka Bronia, Mama da Inna Rivka, jama'a, ina gaishe ku. Ni ce Dalia, jikar Kalman. An ba ni magana saboda na karanta tarihi, ni kuwa tsorona in faɗi abin da ban tabbatar ba.

Ya kasance mai gyaran kujeru a unguwar Carlton. Ya kasance cikon goma: duk jana'izar da maza ba su kai goman da ake bukata don addu'a a addininmu na Yahudanci ba, shi muke kira, ya ajiye guduma ya zo. Ya kasance yana kunna kyandir kowace shekara cikin Yuli, saboda wani Motel da ba jininmu ba ne.

Na taɓa tambayarsa, "Kaka, wane ne Motel ɗin nan?"

Ya ce, "Mai sunan mana, Furofesa. Mu aro muka yi."

Ga yadda ya ba ni labarin. A daular Rasha ba a kai ɗa tilo soja. Kakansa Leib kuwa yana da 'yan'uwa maza. Sai Motel Dravitzer, tsoho mai ga-ruwa da bai haihu ba, ya karɓe shi ya sa masa sunansa. Sharaɗi ɗaya ya yi: in ya mutu, a riƙa tuna shi kamar yadda ɗa ke tuna uba.

Dokar na tabbatar da ita. Sauran ban samu takarda ba. Na ce, "Kaka, babu shaida fa."

Ya ce, "Ga shaida zaune yana shan shayi. Da an tafi da Leib, wa za ki dama da tambaya?"

Mama, Inna Rivka, ku 'ya'yansa ne, amma sunan mazajenku kuke amsawa. Kaka Kalman ne namiji na ƙarshe da muka sani da sunan nan, kuma Yuli na tafe. Ɗazu a mota, da aka yi zancen wanda zai kunna kyandir bana, matarsa Kaka Bronia ta ce, "Ni hannuna rawa yake yi. Ni ma aron sunan na yi."

Ba mu san sunan gidan Leib na asali ba. Ba mu san yadda 'yan'uwansa suka ƙare ba. Ba mu san inda kabarin Motel yake ba. Ban sani ba ko jika mace mai wani suna ta cika sharaɗin; Rabbi, zan zo in tambaye ka. Amma kyandir, Kaka Bronia, na riga na saya.

Na gode da kuka zo. Allah ya jiƙan Kalman, ya jiƙan Motel da ya ara mana suna.