Muryar Alhaji Sule a Wayar Ofishinmu

Assalamu alaikum mai gabatarwa. Ni ne Malam Habu, mai sayar da hatsi a Gumel.

Da muka sa wayar tebur mai aiki da intanet, abokin kasuwancina Alhaji Sule ne ya naɗi gaisuwar masu kira: "A ɗan jira, Habu na can yana neman tabarau." Bana Allah ya yi masa rasuwa. Dillalan Maigatari sun ce muryar mamaci na tsorata su in sun kira, 'ya'yansa ma sun ce a sauya. Mai saita wayar ya ce sabuwar gaisuwa za ta goge tsohuwa.

Ni kuwa kowace safiya sai na kira daga gida ya tsokane ni, sannan in fita. Jama'a, akwai dabarar kwashe muryar nan kafin a goge?