Motar Marigayi Ta Yi Aman Mai

AƘILU: Salamu alaikum. Iya Lantana? Kina ji na?

IYA: Amin, alaikumus salam. Wane ne? Murya kamar daga cikin rijiya.

AƘILU: Aƙilu ne, jikanki. Daga Rogo.

IYA: Au, maigidan nawa ne. Ina wuni? Ya kasuwa? Ya mutanen Rogo?

AƘILU: Lafiya lau. Ya ƙafar taki?

IYA: Da sauƙi. An taso ni tun daga Unguwar Hajji har ofis a cikin garin Karaye, wai waya. Na ɗauka rasuwa aka yi.

AƘILU: Kusan haka ne. Motar Baba ce. Sayar da ita zan yi, mai saye yana ƙofa.

IYA: Innalillahi! Fijon da ubanku ya bar muku kai da yayanka Sanusi?

AƘILU: Kada ki ambata mini Sanusi, shi ya kashe ta. Tun a hanya take tiƙar hayaƙi shuɗi, fasinja sai tari. Na buɗe iyakilina...

IYA: Wace Iya kuma?

AƘILU: Iyakilina! Gwangwanin da mota ke shaƙar iska ta cikinsa. Jagab da baƙin mai, inda ko ɗigo bai kamata ya shiga ba. Bakanike ya ce ringi ne, inji ya gama.

IYA: Ya buɗe injin ya gani?

AƘILU: Bai buɗe ba. Ƙaninsa ne ma zai saya.

IYA: Ka ji fa. To ina Sanusi ya shigo?

AƘILU: Turai maƙwabciyarmu ta gan shi da asuba, kansa cikin inji. Mutumin da tun rabon gona bai ce mini uffan ba, me yake nema a can? In na sayar zan aiko masa da rabonsa. Ni da Karaye kuma har abada.

IYA: Rufe mini baki! Ni ma na gan shi, ina alwala. Baƙin mai yake zuba mata, duk ranar kasuwar Rogo. Wai kada ta tsaya maka a daji. Ya ce in na faɗa ba ya ƙara cin tuwona.

AƘILU: Mai? Ai ni ma ina zubawa kafin in tashi!

IYA: Ina kallonka. Shi ya zuba ya wuce masallaci, kai ka fito ka ƙara. Ni har daɗi nake ji, na ce mota ta samu gata.

AƘILU: Haba Iya! Kika yi shiru?

IYA: Na san mai yana yi wa mota yawa? Ina ɗan ƙarfen nan da ubanka yake zarowa ya goge da tsumma ya duba?

AƘILU: Ma'aunin? Ya karye tun damina. Da ka nake zubawa.

IYA: Da ka! Ga aikin kan nan mun gani. Ko tukunyar koko ka cika har baki, ta murfi take amai.

AƘILU: Tsaya, Iya... In mai ya yi yawa, tiyon da ya fito daga saman inji zai tura shi cikin iyakilina. Kafireto ta zuƙa, inji ya ƙona. Shi ne hayaƙin! Ga shi ƙarfinta bai ragu ba ko a hawa.

IYA: Ni ban san wannan yaren ba. Za ta tashi ko ba za ta tashi ba?

AƘILU: In shi ne, a kwance notin ƙasan inji a rage man, a wanke gwangwanin da fetur, a busa tiyo, a goge fulogi. In hayaƙin bai ɗauke ba, to ringin ne.

IYA: To rage ka gani mana. Ka sallama wa mutumin?

AƘILU: Na ce ya jira in sanar da ke. Amma makullin yana hannunsa. Iya, ina jin ya tayar da ita!

IYA: Ruga ka karɓe! A'a, tsaya. Wa kake zaton ya goyo ni a babur? Ga shi nan ya juya wa bango fuska kamar ba ya ji. Sanusi, ungo. Ungo na ce!

SANUSI: Aƙilu.

AƘILU: Na'am, Yaya.

SANUSI: Kada ka zubar da man a ƙasa. Tara shi a galan, sabo ne.

AƘILU: To, Yaya. Yaya, ni fa dama... Halo? Halo?